Ungozomar Duniyar da Ba a Haifa Ba

Shekara goma sha bakwai mabuɗin ƙubbar nan yana rataye a wuyana, har igiyar ta yi mini zane a fata. Ni ke buɗe rufi in rana ta faɗi, ni ke juya madubin hangen taurari inda aka ce in juya shi, ni ke rufewa da asuba. Masu digiri suna zuwa tsibirinmu daga Jawa, tsibirin da babban birni yake, su yi shekara biyu suna ƙorafin sanyin dutse da cin masara, su tattara komatsansu su koma. Ni Danga, 'yar ƙauyen da ke gindin dutsen, ina nan daram. Takardata ta gyaran wayar lantarki ce, daga makarantar koyon sana'a, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Shugabanmu Farfesa Wiryo ne, muna ce masa Pak Wir, Pak kamar a ce Malam, mace kuwa Ibu. Siriri ne mai sanyin murya, ko zai ci maka mutunci sai ya fara da "yi haƙuri". Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin tauraro guda, wanda ba shi da suna sai lamba doguwa. Mu a kan dutse Ƙanin Rana muke kiransa, don komai nasa irin na ranarmu ne, girma da zafi da launin haske. Nisa ne kawai ya raba su, don haskensa sai ya shekara sittin a hanya kafin ya faɗo cikin madubinmu.

Duniyoyin da ke kewaya shi ba a ganinsu, ko da madubin da ya ninka namu sau goma. Rangajin tauraron ake aunawa. Kowace duniya tana ɗan fizgarsa, ya matso, ya ja da baya, kamar uwar da yaro ke jan zaninta. Akwai bututu da ke ɗaukar haske daga madubi ya kai shi ƙasan bene wajen na'urar tace haske, ita ke auna fizgar, mu kuma mu ƙirga kwanaki. Da haka Pak Wir ya samo duniya biyu, babba mai zagayen kwana ɗari huɗu da goma, da ƙarama mai kwana tara. Waɗannan ba gardama, masana na wasu ƙasashe sun duba sun tabbatar. Ta ukun ce ta ja mini.

Ranar da alamarta ta fito a kwamfuta, Pak Wir ya cire tabarau ya yi ta goge ido. Ya ce 'yar ƙarama ce, ta dutse irin tamu, ba a taɓa gano irinta daga ƙasar nan ba, kuma tana gama zagayenta cikin kwana ashirin da tara da rabi. Kowa ya tafa. Ni ma na tafa, amma lambar nan na san ta.

Ubana mai ƙirga wata ne. Shi ke zama bakin teku ya faɗa wa ƙauye daren da tsutsar ruwa za ta fito, wadda da ita ake gane ko shekara za ta yi albarka, kuma har ya mutu bai taɓa kauce wa daren ba. Tun ban iya ɗaura zani ba na san wannan watan ashirin da tara ne, na gaba talatin, in ka raba daidai ashirin da tara da rabi. A wajensa na gaji wata ɗabi'a. Kowane dare, a gefen shafin littafin aiki, sai na zana wata yadda na gan shi, lauje ko rabi ko cikakke. Masu digiri suna dariya suna ce masa kalandar ƙauye. Ko a jikina.

Na kwaso littattafan duka, na baje su a tabarma, na yi yini huɗu ina gwada su da jadawalin Pak Wir. Duk daren da aka ce duniya ta uku ta fi fizgar tauraron, sai in tarar da cikakken wata a gefen shafi, da birona. Ba sau uku ba, ba sau goma ba, shekara huɗu cur. Kafin shekara huɗun nan kuwa babu alamarta ko kaɗan. Na kuwa san abin da ya faru a shekarar da ta fara. Guguwa ce ta yaye kwanon ƙubba ta fasa bututun haske, ni kuma na naɗe wurin da robar tayar babur kafin sabo ya iso daga babban birni. Sabon bai taɓa isowa ba, kowa ya manta, har da ni. Na jingina tsani na hau. Robar ta bushe ta tsage, farcena ya shige ciki ba da wahala ba.

Hasken wata aron rana ne, kowa ya sani. Tauraronmu kuwa ƙanin rana ne. Na'ura ba ta da wayon raba rana da ƙaninta, duk abin da ya shigo mata sai ta haɗa ta auna. Watanmu ne ke leƙowa ta ɓular da ni na toshe, muka yi masa kallon duniya.

Da yamma na sami Pak Wir a ofis yana shan shayi, na ajiye masa littattafan, na faɗa masa komai, har da laifina. Ya saurare ni har na gama, wannan kam na ba shi. Sannan ya ce a watan guguwar aka sa sabuwar kyamara, shi ya sa ba a ganinta a da. Ya ce kwamfuta tana cire hasken wata da kanta, kuma lamba tana iya yin kama da lamba ba tare da sun haɗa komai ba. Na ce to, ba girin-girin ba, ta yi mai. A ba ni wata biyu in like bututun da kyau, mu sake aunawa. In tana nan, ni zan fara rawa.

Wata biyun ne ba shi da su. Ƙarshen shekara zai ajiye aiki, damina ta kusa ta rufe mana sama, kuma an riga an sa ranar suna. Umbu Hapu, shugaban gundumarmu, wanda ya shimfiɗa mana kwalta har ƙofar ƙubba, an yi masa alkawarin duniya ta uku za ta ci sunan mahaifiyarsa Rambu Padu da ta rasu bara. Umbu da Rambu laƙabin 'yan gidan sarauta ne a wajenmu. An raba takardun gayyata, an kira masu talabijin, an sayi ɓauna uku na yanka. Saura kwana goma sha tara.

Umbu Hapu kuwa ya ce a bisa al'ada za a yi, ba irin na 'yan boko ba. A wajenmu ba a raɗa wa jariri sunan mamaci sai ungozoma ta tsaya gaban dangi, ta ɗauki pinang, goron wajenmu, a faifai ta tauna, ta ce ta gan shi da idonta kuma yana da rai. Mamaci yana bin sunansa ne, inda aka ajiye sunan nan zai zauna. Da aka tambayi wace ce ungozomar wannan duniyar, ba a sha wahala ba. Hannun wa ke kan madubi? Kuma ni kaɗai ce 'yar tsibiri a cikin ma'aikata.

"Ibu Danga, yi haƙuri," in ji Pak Wir. "Kalma uku ce kawai. Na gan ta. Lissafi nawa ne, ba naki ba."

Na ce bakin dai nawa ne.

Ya juya kofinsa a hankali. Ya tuna mini cewa a watan Janairu ake sabunta takardar aikina, kuma kafin ya tafi shi zai sa hannu ko ya ƙi. Ya ƙara da cewa in har bututu yana yoyo, za a tambayi wanda ya ɗaure shi da robar taya ya yi shiru shekara huɗu. Duk wannan da muryar da yake tambayar ko akwai sukari.

Ba zan yi ƙaryar jarumta ba, na ji tsoro. Ina son aikin nan fiye da yadda na so mijina, Allah ya ji ƙansa, kuma shi ma ya sani. Ina son ƙarar rufi in yana buɗewa, da sanyin ƙarfe a tafin hannu, da ɗigon hasken nan da ya baro gida tun kafin a haife ni don ya zo ya same ni a kujera. Wa zai ɗauki mace 'yar arba'in da huɗu mai takardar lantarki ya ba ta wani madubin? Har gwaji na yi a gaban madubin ɗakina, na ce na gan ta, na gan ta. Fita take yi sumul. Na ce wa kaina ai Pak Wir ya fi ni karatu, wataƙila tana nan ɗin. Sai in tuna farcena a cikin tsagar roba.

Rana ba ta ƙarya. Da hantsi aka cika filin gaban ƙubba, rumfuna da kujerun roba, mata cikin saƙi mafi tsada, maza da rawani da adda a ƙugu, ana ta dukan kuge. Ɓaunan uku suna ɗaure a jikin turke da jan ƙyalle a ƙaho. Umbu Hapu ya yi jawabi ya ce daga yau duk wanda ya ɗaga kai a duniya, uwarsa zai kalla. Pak Wir ya yi nasa. Sannan aka kira sunana a lasifika.

Wadda ke riƙe da faifan pinang ita ce Apu Konga, wato Kaka Konga, yayar marigayiya, tsohuwa tukuf da ba ta fi tsayin kafaɗata ba, ido ya yi hazo amma kunne garau. Na durƙusa gabanta cikin zanin uwata. Ta laluba fuskata ta ce ai ta san ubana, shi ya ƙirga mata watan aurenta.

"Ke kika karɓi haihuwar nan, 'yata?"

"Ni ke riƙe da madubi, Apu."

"Kin gan ta?"

Ta miƙo faifan. A wajenmu ko maƙiyinka ya miƙo maka pinang ba ka ƙi, ƙin sa ya fi mari. Na kalli faifan, na kalli Pak Wir yana gyaɗa mini kai a hankali. Sai na ga hannuwana sun koma bayana sun riƙe juna, tun kafin in gama shawara.

"Ban gan ta ba, Apu. Biyu na ƙirga, kuma suna nan. Ta ukun wata ne ya leƙo ta ɓular da na toshe da robar taya. Laifina ne, ni na ɗaure. Amma ba zan ɗora Rambu Padu a kan abin da babu ba."

Mai lasifika bai janye ta daga bakina ba, don haka har masu tsaron babura sun ji. Kuge ya tsaya. Umbu Hapu ya miƙe, fuska ta yi jawur, ya zo ya tsaya a kaina. Ya tambaye ni ko na manta ko ni wace ce, ya ce kakana shi ke riƙe wa kakansa linzami. Na ce ban manta ba, Umbu, kuma shi ya sa aka bar masa linzamin shekara talatin, don bai taɓa ce wa ubangidansa gurgun doki lafiyayye ne ba. Wani ya yi dariya can baya, ya mayar da ita tari.

Pak Wir ya karɓi lasifika. Ya ba jama'a haƙuri, ya ce wannan baiwar Allah ma'aikaciyar lantarki ce, tana da ƙoƙari amma ba fanninta ba ne, lissafi yana nan yadda yake. Ya yi kusan minti biyar yana bayani. Apu Konga ta jira ya gama, sannan ta juya inda muryarsa ke fitowa ta tambaye shi ko shi ya gan ta. Ya ce ba mai ganinta, Apu, aunawa ake yi. Ta ce to kwana nawa take yi ta dawo? Ya ce ashirin da tara da rabi.

Tsofaffin matan da ke layin gaba suka kalli juna. Ɗaya ta rufe baki da gefen zani, ta biyu ba ta ma rufe ba. Dariyar ta bi layi har rumfar baya, don babu macen da ke wurin da ba ta san wannan lambar a jikinta ba.

Apu Konga ba ta yi dariya ba. Ta cire ƙyallen kafaɗarta ta rufe faifan.

"Hapu," ta ce, ba ta ko sa masa Umbu ba, "ni na goya uwarka. Ba za ta je ta zauna a inda ba ƙasa ba. A kwance dabbobin nan."

Aka kwance su. Baƙi suka ci shinkafa da kaji ba a ko kallon juna, masu talabijin suka naɗe wayoyinsu. Ba wanda ya zauna kusa da ni, na ci nawa ni kaɗai a bakin tsani, kuma na cinye tas.

Washegari da safe takardar kora tana jirana, ba a ma jira Janairu ba. An rubuta sakaci da kayan aiki, da zubar da mutuncin ma'aikata a gaban baƙi. Na farkon gaskiya ne, ban musa ba. Na shiga ofishin Pak Wir na kwance mabuɗin daga igiya na ajiye masa a tebur. Bai ɗago ba. Ya ce littattafan aikin ma na gwamnati ne, in bar su. Na ce ga su nan duka goma sha bakwai, har da kalandar ƙauye.

"Amma Pak, watan ba a littafi yake ba. Nan da kwana goma sha ɗaya zai cika. In ka isa, shi ma ka rubuta masa takarda."

Wannan na faɗa da ƙarfin hali, na fita kaina a sama. A kan babur ne, ina gangarowa kwaltar Umbu Hapu, kuka ya zo mini, har sai da na tsaya gefen hanya don ba na ganin gabana. Ban yi da-na-sani ba, amma ya yi ciwo, kuma har yau yana yi.

Yanzu ina da 'yar rumfa a kasuwa, ina gyaran fitilun sola da fanka. Ndilu mai gadin ƙofa, ɗan ƙanin ubana, shi ya kawo mini labarin abin da ya biyo baya. Ya ce damina ta yi jinkiri a shekarar, kuma da idonsa ya ga Pak Wir a kan tsani, da shekarunsa sittin da biyar, yana naɗe bututu da kansa. Wata ya cika sau biyu. Bayan nan Pak Wir ya daina fitowa cin abinci tare da mutane, har ya koma Jawa. Da takardar binciken ta fito, duniya biyu ne a ciki. Babu sunana ko a layin godiya, ba a kira ni ba, ni ma ban je roƙo ba. An kawo wani yaro mai digiri biyu an ba shi mabuɗin.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, da rana tsaka, mota ta tsaya gaban rumfata. Direban Umbu Hapu ne. Ya ce 'yar maigidan ta haihu, mace, yau suna, kuma Apu Konga ta ce ba za a fara ba sai an zo da ni. Na ce ya koma ya ce ni ba ungozoma ba ce, fanka nake gyarawa. Ya ce an faɗa mata haka tun safe, ta ce ita ba ta yarda da "na gani" na kowa a tsibirin nan ba sai nawa, kuma ta zauna kan faifan.

Na tafi da man inji a farce. Gidan ya cika maƙil. Umbu Hapu yana tsaye jikin ginshiƙi, ya ga shigowata ya kau da kai. Aka ɗora mini jaririyar a hannu, ja, mai nauyi, tana ta wutsil-wutsil da ƙafa. Apu Konga ta ƙara tsufa, sai da aka riƙe ta ta miƙe.

"Kin gan ta?"

Na ɗauki pinang na tauna har bakina ya yi ja.

"Na gan ta, Apu. Tana da rai."

Aka kira sunan Rambu Padu sau uku, kuge ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Yarinyar ba ta damu da su ba. Ta miƙo hannu ta damƙi igiyar da ke wuyana, wadda ban taɓa cirewa ba, ta ja ta har ƙarshenta ya fito daga rigata. Ba komai a jiki. Ta riƙe gam, ni kuma na bar mata.